Kwalbar Asuba

Shekara goma sha tara ina jan tanka
daga Apapa zuwa duk inda aka ce in kai,
lita dubu talatin da uku a bayana,
ban taɓa jin nauyinsu ba
kamar nauyin wannan 'yar kwalba
da na naɗe cikin tsohuwar jarida
na cusa a aljihun gaba kamar kuɗin sata.

An ce mini na asuba ake so,
ka bar farkonsa ya zube, ka tari tsakiya.
Na yi, a bayan ɗakinmu na Agege,
kafin ladan ya ƙare,
kafin Iro ya farka ya ce me nake tara.

Sai danfo, sai Oshodi, sai Idi-Araba.
Duk ramin da muka faɗa, hannuna na kan ƙirji.
Wata tsohuwa ta ce mini sannu,
ta ɗauka zuciya ce.

Sunanta Morenike, haka aka rubuta a rigarta.
Ba ta yatsine fuska ba.
Ta ɗaga kwalbar ta saiti haske, ta karkata,
yadda nake yi wa fetur in na zargi algus.
Ta tsoma wani siririn tsinke mai gidaje-gidaje,
kowane gida da launinsa,
ta dubi agogo.
Ni kuma na dubi takalmina
da suka fara yi mini kaɗan da yamma.

Gidan suga bai motsa ba.
Gidan jini bai motsa ba.
Ɗaya ne, na tsakiya,
ya tashi daga ruwan ɗorawa ya koma kore
a hankali, kamar mai jin kunyar faɗa.

Ta ce, Baba, fitsari kusan dukansa ruwa ne,
sai gishiri, sai tarkacen naman da ka ci.
Ƙodarka biyu masu gadi ne a bakin ƙofa,
shara ta fita, kaya su tsaya.
Wannan koren furotin ne. Kaya ne.
Me ya fito da shi?

Na san ƙofa. Na san mai gadin da barci ya ɗauke.

Kwana tara na taɓa yi a layi kan gadar Ijora,
ina ƙin shan ruwa don kada in sauka
wani ya ci mini wuri.
Ina matse mara tun hantsi har la'asar sakaliya.
In baya ya riƙe, ga yaro da tire,
ja biyu, fari biyu, a kora da shayi.
Hawan jini kuwa, tun a Funtuwa aka faɗa mini,
na ce sai na dawo.
Kumfar da nake bari a bakin kwata
har alfahari na yi da ita,
na ce ƙarfi ne.
Ashe ruwa ba ya tsami banza.

Ta ɗaure mini dantse, ta ja jini.
Ta ce fitsari ya kai ƙara, jini ne shaida,
akwai wani abu, kiriyatinin,
shi zai faɗi ko gadin ya rage saura nawa.
Na maimaita sunan sau uku kada ya ɓace mini.
Alhamis, ƙarfe goma, in zo wurin likita.

A waje Ikko na ta hayaniyarta,
gari kewaye da ruwa, kowa da ƙishirwarsa.
Na sayi fiya-wata ɗaya.
Kafin in fasa ledar da haƙori
sai na ga na ɗaga ta sama, ina karkatawa.

Ladidi ta kira daga gida.
Ta ce me suka gani?
Na ce wasiƙa ce aka daɗe ana aiko mini,
kullum asuba,
ni kuwa ina bin ta da buta.